Cokali Ɗaya a Kofin Ruwa

Ɗana na fari ya rasu yana da wata tara. Zawo ya kama shi ranar Talata, kafin Juma'a mun kai shi makwancinsa. Wata biyu ke nan da aka fara ba shi kunun gero, kunun da innata ke damawa, don ita ce babba a gidan, matata kuwa haihuwar fari ce. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na amsa musu da baki, amma a raina na riga na yanke cewa kunun nan ne ya kashe shi. Ban tambayi kowa ba. Halina ke nan tun ina yaro, kuma har yau bai sake ni ba.

Bayan shekara biyu Allah ya ba mu ɗiya. Lokacin ina kabu-kabu da wani tsohon babur, daga Madarunfa zuwa Ɗan Issa, in an samu fasinja har in tsallaka iyaka. Akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da nake kai matarsa kasuwa. Tana da yaro, wuyansa har ya ɓace don ƙiba. Wata rana ina jiranta a ƙofar gida na ga tana ɗibar wani farin gari daga gwangwani tana dama masa. Na tambaye ta mene ne. Ta ce garin jarirai ne, shi take ba shi tun yana wata shida. Na dubi hannuwan yaron, na tuna nawa da muka binne, na ce a raina ashe ga inda bambancin yake.

Da ɗiyata ta cika wata shida na sayo gwangwani ɗaya a wancan gefen iyaka, don can ya fi sauƙi. Duk da sauƙin sai da ya cinye mini aikin kwana huɗu. Na sa shi cikin riga na taho da shi gida.

Ya kamata in faɗi matsayina a gidanmu. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na faɗi jarrabawa sau biyu, babana ya ce in dawo gona tunda kaina ba ya ja. Faransancin da ya rage mini ya isa in karanta allon hanya da takardar babur, iyakarsa ke nan. Amma a gidan ni ne wanda ya yi lakwal. Duk takardar da ta shigo ni ake miƙa wa, ko ta maƙwabta ce. Har mushe ake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. To gwangwanin nan da na juya bayansa, sai na tarar rubutun Ingilishi ne, tunda daga Najeriya ya fito. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Akwai dai zanen ɗan kwano da zanen cokali.

Matata ta durƙusa gabana da yarinyar a cinya, innata na zaune kan tabarma tana tsince wake.

Matata ta ce, "Maigida, mi aka rubuta? Yaya ake damawa?"

Na ce, "Cokali ɗaya a kofin ruwa."

Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta zuba cokali ɗaya ta motsa. Innata ta miƙo wuya ta leƙa kofin.

Ta ce, "Wanga ai ruwan wankin ƙwarya ne. Ko kaza ba ta ƙoshi da shi. Ku bari in dama mata kunu mana."

Na ce, "Inna, kin dama naki mun ga inda ya kai mu."

Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Ta daina tsintar waken, ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ce, "To. Ɗiyarka ce. Na cire hannuna." Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Ta kuwa cire hannun da gaske. Tana goya yarinyar, tana yi mata wanka, amma ko loma ɗaya ba ta sake sa mata a baki ba, kuma ba ta sake yi mini maganar abincinta ba.

Na ƙara da ce wa matata ta yi tattalinsa, abin da tsada. Ita kuwa mai jin magana ce fiye da kima. Ta koma amfani da ƙaramin cokalin shayi, kuma takan shafe kansa da yatsa don kada ya yi tozo. Sau uku a yini tana ɗura wa yarinyar wannan farin ruwa. Damina ta sauka, aiki ya yi yawa, matata na tafiya gonarta ta gyaɗa tun hantsi. Yarinyar in cikinta ya cika da ruwa ba ta kama nono da kyau, sai matata ta ɗauka ta ƙoshi ne. Nonon ma ya fara ja da baya.

Gwangwani ɗaya ya yi mana wata guda da kwanaki. Na ji daɗi, har ina ba abokan kabu-kabu labari a tasha cewa abin yana da auki. Na sayo na biyu.

Da farko yarinyar ta yi ta kuka. Daga baya ta daina, ta koma kwanciya shiru tana bin mutane da ido. Ni kuwa na ce kun gani, ta saba, ta samu natsuwa. Gashinta ya yi laushi ya soma ja-ja. Fatar cinyarta ta saki. Ina gani kullum, amma wanda ke tare da yaro kullum ba ya saurin lura, balle wanda ba ya son ya lura.

Kowane wata matata na kai ta awo gidan likita, a rataya ta a ma'auni, a rubuta a ɗan karne, wato littafin awonta. Sau biyu aka ce mata nauyin bai ƙaru ba, aka tambaye ta abin da take ba ta. Ta ce garin gwangwani, sai aka ce to madalla, a ci gaba. Ba wanda ya tambaye ta cokali nawa. Ni kuma ba ta faɗa mini zancen nauyin ba, don ta san bakina. A wata na uku ne majo, wato babbar ma'aikaciyar wurin, ta duba karnen da kanta, ta ce a koma a zo da uban yarinya da kuma gwangwanin.

Na je ina hura hanci, don an katse mini aikin safe. Mata sun cika bencina ƙarƙashin rumfa, ni kaɗai ne namiji. Majo ta zagaya wani ɗan madauri mai launi uku a damtsen yarinyar ta ja. Ya tsaya kan rawaya, dab da ja. Ta nuna mini da yatsa, ta ce ja ɗin nan shi ne inda ake kwantar da yaro a gado.

Ta juya ga matata. "Kwana nawa gwangwani ɗaya yake yi miki?"

"Wata guda da ɗan wani abu."

Majo ta ajiye alƙalaminta. "Wata guda? Wa ya nuna miki yadda ake damawa?"

Matata ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ƴar unguwarmu da ta rako jikanta ta amsa daga benci, "Ai mushe ne da kansa, ga shi nan. Ya yi lakwal." Mata suka kwashe da dariya, wasu na rufe baki da mayafi.

Majo ba ta yi dariya ba. Ta juya gwangwanin ta sa mini shi a gaban ido. "Malam, ni ma ba na jin Ingilishi sosai. Amma ga lamba nan kusa da cokalin. Lamba ai ɗaya ce ko'ina. Nawa ka gani?"

Na ce, "Biyar."

"Biyar, kuma babban cokali, a ruwan da bai kai rabin wanda kuke zubawa ba. In ana ba ta yadda ya kamata, wannan ba ya kai mako. Wata uku kuna shayar da ita ruwa."

Abin da ban faɗa wa majo ba, ban kuma faɗa wa matata ba har yau, shi ne na ga lambar nan tun ranar farko. Na gan ta, na ji a jikina cewa in haka ne ba zan iya ba, sai idona ya zame ya koma kan zanen cokalin, wanda ɗaya ne. Na ce wa kaina wataƙila biyar ɗin wani abu ne daban. Cewa ban iya Ingilishi ba abin kunya ne, cewa ba ni da ƙarfin saye ya fi shi. Sai na zaɓi abin da zai rufa mini asiri a gaban mata biyu.

Majo ta ce in bar gwangwani, ba nawa ba ne. Ta tambaya ko muna da gero a rumbu. Na ce akwai. Wake fa? Akwai. Gyaɗa? Akwai saura ta bara. Ta ce a soya kowanne daban sama-sama, geron ya fi yawa, a haɗa a kai inji a niƙa. A dama da kauri, yadda in an karkata cokali ba zai zubo kamar ruwa ba. A ɗan sa mai. In an samu kifin tabki a dafa a cire ƙaya a murtsuke mata, in an samu ƙwai a ba ta. Nono kuma a ƙara, kada a rage. Ta haɗa mu da wasu ƴan ƙunshin abincin yara masu rama, ta ce mu dawo bayan mako biyu.

Na tsaya a bakin ƙofa na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce ɗana na fari kunun gero aka ba shi ya mutu.

Ta ce, "Ban gan shi ba, ba zan ce maka ga abin da ya kashe shi ba. Yana iya zama ruwan da aka dama da shi, yana iya zama ƙwaryar, yana iya zama wani abu can. Gero dai ba ya kashe yaro. Amma kunun tsofaffinmu ma tsararo ne, a tace a tace har ba abin da ya rage. Ka faɗa wa tsohuwarka ta ƙara kauri."

Da muka dawo gida na tarar da innata tana shara. Matata ba ta iya suyar wake yadda ba zai ƙone ba, kowa ya san hannun inna ne a wannan. Na durƙusa, abin da na daɗe ban yi ba.

Na ce, "Inna, an ce a soya gero da wake da gyaɗa."

Ta ci gaba da shararta. "Wa ya ce? Gwangwani?"

"Likita."

"To ka karanta mana mana, mushe. Cokali nawa?"

Ta share har bakin zaure ta dawo, ina nan durƙushe. Sannan ta jingine tsintsiyar, ta karɓi yarinyar daga hannun matata, ta ɗaga ta sama tana jin nauyinta. Ta ce wa matata, "Ke, ɗauko mini kasko." Da na faɗa mata zancen kauri sai ta ce ita ma tana da ido.

Yarinyar ta ƙi kunun da farko. Ta saba da abin da ke wucewa ba wahala, wannan kuwa sai ta turo shi da harshe ya zubo a haɓa. Inna ta zauna da ita a cinya, ta lakato da yatsa ta shafa mata a leɓe, ta jira, ta sake. Ranar farko da ƙyar ta haɗiye cokali biyu. A rana ta huɗu ta kama hannun inna da kanta tana jawo shi baki. Bayan mako biyu ni na kai su awo a babur, na tsaya daga nesa. Allurar ma'auni ta ɗan matsa. Madaurin bai bar rawaya ba sai da aka yi wata biyu.

Ta rayu. Yanzu shekarunta goma sha ɗaya, tana lakwal, kanta na ja fiye da nawa. Amma a ajinsu ita ake sa wa a bencin gaba don ta fi kowa gajarta, ƙanwarta da ta ba shekara uku ta kusa kamo ta. Matata na cewa dangin uwarta ta ɗauko, su duka gajeru ne. Wataƙila haka ne. Ni dai duk Sallah in na kai su wurin tela, yana gwada tsawonsu yana faɗa da ƙarfi, sai in fita waje in duba babur har su gama.