Na Tsaya Cin Faten Acca, Jirgin Ruwa Ya Tafi Ya Bar Ni

Gaisuwa gare ki Edita, da masu karatun wannan shafi. Roƙona ɗaya, a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

A shekarar da abin ya faru ni nas ce a wani asibiti, 'yar kudancin Kaduna, na haura hamsin, ina zaune ni kaɗai a Woodbridge da ke jihar Virginia. Maigidana ya riga ya rasu, 'ya'yanmu biyu kuma kowa ya kama gabansa a wata jiha mai nisa. Rayuwata ba ta wuce cunkoson titin 95 da safe, aiki, cunkoson titin 95 da yamma, sai gida. Gidan ya yi mini girma, har nakan kunna talabijin ba don in kalla ba, sai don in ji muryar mutum. Ran Lahadi nakan tuƙa har Landover zuwa coci, in sha ɗauri, in yi dariya da kowa, ana cewa ai wance jaruma ce. Ni ma na ɗauki sunan na rataya a wuya. Ban iya cewa ina kewa ba, ban iya neman taimako ba, kuma duk wanda ya ba ni shawara sai in ga raini ne.

Abokan aikina ne suka ishe ni da labarin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, irin wanda ake kwana a ciki ana tsayawa tsibiri-tsibiri. Wata rana raina ya ɓaci da shirun gidan, na sayi tikitin mutum ɗaya. Ban gaya wa 'ya'yana ba, don na san za su fara yi mini muryar tausayi, ni kuwa ba abin da na tsana kamarta. Bakina ne kawai ya suɓuce a gaban wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta cocinmu, na ambaci sunan wani tsibiri da za mu tsaya. Matar nan ta dafe ƙirji ta ce ai mamanta tana can, wurin ƙanwarta likita, ta je wankan jego shekaru da suka wuce ba ta dawo ba. Kafin Lahadi ta zagayo ta haɗa saƙo: zanen zumunta, littafin waƙoƙin coci na Hausa, da tabarau. Kin san mu, ba a ƙin saƙo, balle saƙon uwa. Na karɓa da hannu biyu.

Na tuƙa kaina zuwa tashar jirgin ruwa ta Baltimore, na ajiye motar a wurin fakin ɗinsu, na shiga. Jirgin gari ne guda, ga abinci har ya gundure ka, ga kiɗa, ga mutane ta ko'ina. Amma kowa da nasa. Miji da mata, kaka da jikoki, wasu dangi har anko suka yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin cin abinci. Duk sanda na zauna, mai hidima zai tambaya cikin ladabi ko ina jiran wani, in ce a'a, sai ya kwashe faranti da cokulan kujerar da ke kallona. Na gudo daga kaɗaicin gida ashe na biya kuɗi ne na sayi wanda ya fi shi.

An tara mu an yi bayanin yadda ake sauka a tasha: a hau tasi masu rajista da ke layi a cikin ƙofa, a riƙe takardar da ake rabawa kullum mai lambar wakilin jirgi na wannan gari, a ajiye fasfo a akwatin ƙarfen da ke ɗaki, a dawo tun kafin lokaci domin jirgi ba ya jira. Ina zaune ina taɓe baki. A raina na ce ni da na yi rayuwa a tashar motar Kawo ta Kaduna, wa zai koya mini hawan mota? Akwatin ƙarfen ma ban yarda da shi ba, tunda wani ne ya ƙera shi wani kuma ya san sirrinsa. Na yi irin ɓoyon gida, na naɗe fasfo da makullin mota da na gida a cikin zani, na cusa can ƙarƙashin jaka.

Ranar da muka isa tsibirin na sauka da safe, daga ni sai 'yar jakar hannu da ƙunshin saƙo. Takardar wakilin na bar ta a kan gado. Na ga layin tasin, na ji farashi, na wuce abina zuwa wajen ƙofa inda wani mutum mai motar gida ya tare ni da fara'a. Na yi ciniki da shi kamar ina sayen doya, ya rage, na ji ni ce gwana. Don daɗin bakinsa na biya shi kuɗin zuwa da dawowa tun a nan, ban ko kalli lambar motar ba. Gidan ashe yana can ɗaya gefen tsibirin, sai an hau duwatsu an gangara a kan wata siririyar hanya. Ya sauke ni, ya ce zai ɗan zaga ya dawo da rana tsaka.

Tsohuwar na zaune a baranda ita kaɗai, tana kallon hanya. Na durƙusa na ce Mama sannu da gida. Wallahi ban taɓa ganin gaisuwa ta girgiza mutum haka ba. Ta miƙe tana laluben kafaɗata, ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. 'Yarta da surukinta suna wurin aiki a asibiti tun asuba, jikan da ta je yi wa wanka ya girma ya shiga makaranta, Turanci kawai yake ji. Ta ce takan wuni ba ta buɗe baki ba sai in za ta yi addu'a. Muka zauna muka ɓarke da hira kamar mun shekara da sanin juna. Ta tambayi garinmu, ta gano wata gwaggona da suka yi zumunta tare, muka lissafa waɗanda suka mutu, muka yi gulmar masu rai. Ta sa sabon tabarau ta buɗe littafin waƙoƙi, muka rera tare da muryoyinmu na tsofaffi. Rabon da in yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo tun maigidana na da rai.

Rana ta yi tsaka, direba shiru. Na ce Mama bari in fara neman hanya. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli, ragowar accar da ta zo da ita daga gida, wadda take ta adanawa ba ta san wa za ta dafa wa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, tunda na zo ƙasar nan ban zuba wa baƙo abinci ba. Ki bari in ga kin ci, sai ki tafi."

A nan ne zan faɗi gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa. Duk wanda ya tambaye ni nakan ɗora wa direba laifi, amma na kalli agogo a lokacin, na kuma san lissafin. Na san acca ba a gaggawa da ita, sai an wanke an rege an sake regewa kafin yashi ya fita. Kunyar babba tana ciki, ba na musu, don a tarbiyyarmu uwa ba ta ɗora maka tukunya ka sa takalmi. Amma abin da ya fi zaunar da ni shi ne ban son komawa teburin nan da ake kwashe wa faranti. Na ce wa zuciyata ai ba za su tafi su bar mutum da kayansa a ciki ba. Na tuɓe takalmi, na karɓi wuƙa na hau yanka ganye.

Faten ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai da na suɗe kwano hankalina ya dawo jikina. Direba ko ƙurarsa, wayata kuma ba ta kira, don na ƙi biyan kuɗin layin waje. Muka fita da tsohuwa muna buga ƙofar maƙwabta, da ƙyar wata mata ta nuna mini inda ƙananan bas ke tsayawa. Bas ɗin ya zo a cike, yana tsayawa kowace kwana, ga an tashi daga makaranta hanya ta cushe. Ina ta roƙon direban bas ɗin ya yi sauri, shi kuwa ko a jikinsa. Muna kaiwa kan dutse na ƙarshe teku ya buɗe a gabanmu, na hango jirgin, fari fat, da ruwa tsakaninsa da gaɓa. Duk da haka da na sauka sai da na ruga har bakin ƙofa ina ɗaga hannu, mace mai furfura, kamar mai tsayar da tasi. Masu sayar da tsaraba suna ta naɗe kayansu, wasu na kallona da tausayi, wasu ko ɗago kai ba su yi ba, da alama sun saba gani.

Mai gadi ne ya kai ni wurin wakilin jirgin. Mutumin ya yi mini bayani a hankali cewa an yi ta kiran sunana a lasifika, an ɗan jinkirta, sannan ma'aikata suka buɗe akwatin ƙarfen ɗakina don su bar mini fasfo a hannunsa kamar yadda suka saba, suka tarar ba komai. Wayona ya ci ni. Ba fasfo, ba maganin hawan jinina, ba kayan sawa, a ƙasar da ban san kowa ba sai tsohuwar da na haɗu da ita ɗazu. Sai ya ɗauki waya ya tambaye ni wa za a kira. Na buɗe baki na rasa sunan da zan faɗa. Ba wai ba ni da kowa ba ne, a'a, ni ce na shirya tafiyata yadda duk duniya ba mai jiran labarina. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwa ba.

Gidan tsohuwar na koma. 'Yarta likita, Allah ya saka mata, ta samo mini magani, ta yi ta zirga-zirga da ni zuwa ofishin jakadanci har aka ba ni takardar tafiya ta gaggawa. Kwanakin nan zanen da na kawo saƙo shi na ɗaura. Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, tana ta ba ni haƙuri tana cewa kwaɗayin hira ne ya sa ta cuce ni, ta ƙi cin abincin kirki. Na je in faranta mata na bar ta da nauyin zuciya. Dole kuma ta sa na kira ɗana, don ana bukatar hoton takarduna. Na zaci faɗa zai yi. Amma sai kawai ya tambaye ni, da a ce motar nan ta faɗa rami da ni, wa zai gaya musu, kuma a wace ƙasa za su fara nema.

Na sauka filin jirgin Washington ba makulli ba mota. Sai da na kira mai gyaran makulli ya fasa mini ƙofar gidana, maƙwabta na leƙe. Da jirgin ruwan ya dawo na hau jirgin ƙasa zuwa Baltimore, na tarar da jakata ita kaɗai a lungun wani ƙaton zaure, kowa ya kwashe tasa ya tafi. Da na koma aiki aka tambaye ni yaya yawo, na ce lafiya lau.

'Yan'uwana masu niyyar irin wannan tafiya, ku ji daga bakin wadda ta ɗanɗana. Idan jirgi ya tsaya, kada ku yi nisa da tasha sai da motar da jirgin ya shirya ko tasi mai rajista, kuma kada ku biya kuɗin dawowa sai an dawo da ku. Arahar da na yi taƙama da ita ba ta kai ko kusa da abin da na yi asara ba. Ku sa fasfo inda aka ce a sa, ku fita da hotonsa da maganinku da lambar wakilin jirgi, ku tabbata wayarku tana kira. Ku bi agogon jirgi, ku dawo da sauran lokaci mai yawa. Saƙo kuwa, in ya zama dole, ku ce mai shi ya zo bakin tasha ya karɓa, don kun san halinmu, in muka shiga gidan namu ba ma fita da wuri. Kunya ba ta tsayar da jirgi.

Amma babban abin da na koya ba na tasi ba ne. A tashar mota a gida, in direba ya tayar da inji wani ya fita sayen ruwa, za ka ji murya daga baya ta ce, direba dakata, saura mutum ɗaya. A jirgin nan mai dubban mutane an yi ta kiran sunana, ba a sami ko mutum ɗaya da ya san fuskar mai sunan ba, kuma ni na jawo. Kafin ki ɗauki jaka, ki gaya wa naki inda za ki. In kin shiga, ki gaisa da na kusa da ke, ki faɗa masa in za ki sauka. Jarumtar da ba ta bar miki mai cewa saura mutum ɗaya ba, ba jarumta ba ce.