Fomin ɗin Kaka

Jiya a cikin Keke Napep wata yarinya ta ce wa ƙawarta, "Ke dai kin cika fomin," sai dariya ta ƙwace mini har direba ya waigo. Kakata na tuna.

Shekarar da aka yanke layin waya a Maiduguri, makarantarmu a rufe, mu yaran gida a Galtimari ba mu da aiki sai tsokana. A lokacin yayarmu ta dawo daga karatu a Kano. Tuwo sai da cokali, in an shigo da bandar kifi daga Baga Road ta toshe hanci. Muka laƙaba mata Fomin. Kalmar Turanci ce ta 'yan boko, wato yanga da jin kai, mutum yana ganin ya fi kowa.

Kaka, wadda Kanuri ne harshenta, Hausar ma lallaɓa ta take yi, ta kira ni. "Mene ne fomin ɗin nan?"

Tsoron bulala ya sa na ce, "Kunya ce da kamun kai, Kaka." Ta gyaɗa kai, ta ji daɗi.

Ba a jima ba gwaggonnin saurayin Yaya suka zo ganinta daga Kano, ta hanyar Damaturu da kowa ke tsoro. Zo ka ga murna! Turaren wuta har waje, mu sai tsalle muke. Bayan an gaisa, Kaka ta gyara zama ta ce, "Jikar nan tawa, wallahi duk Galtimari babu mai fomin irinta. Ni na koya mata. Uwarta ma haka take."

Babbar gwaggon malamar makaranta ce, Turanci a bakinta yake. Na ji Yaya ta sa kuka a bayan labule. Ni kuwa na ga auren ya watse, kuma ni na watsa shi.

Gwaggon ta dubi Kaka da ke ta fara'a, ta dubi Mama da ta sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, irinta muke nema. Yaron namu ma fomin ɗin ne da shi." Guɗa ta tashi.

Na sha bulalata daga baya, amma ba wanda ya iya gyara wa Kaka har ta rasu. Yanzu in 'ya'yana suka kawo mini sabuwar kalma, sai na tambayi mutum biyu kafin in sa ta a bakina.

Ranar da za a kai ni ɗakin miji, Kaka ta riƙe hannuna gam, idonta ya ciko. Ta ce, "Ki yi fomin, 'yar nan. Kar ki ba mu kunya."

Na ce, "To, Kaka."