Jirage Biyu da Ba Su Kai Ni Sawakin Ba

Ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku, mai magana ya riƙe abarsa sai na kai aya. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce. A kaina ya faru, da tsufana da furfurata.

Ina da yaya mace a Sudan, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da iyayenmu suka taso daga ƙasar Hausa, ana tafiya ana yada zango, a yi noma a ƙara gaba, ita ta yi aure a hanya ta zauna kusa da Sawakin, garin bakin teku. Ni ina ƙarama aka sa ni a jirgin ruwa muka ƙetaro Jidda, daga nan sai Makka, sai unguwar Misfala, inda na girma na yi aure na haihu. Sau ɗaya ta zo aikin hajji, maigidana yana da rai. Bayan nan sai waya. A shekarun da nake ba ku labari idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, kuma duk ranar da muka yi waya da magana ɗaya take rufewa: "Ke dai ki zo in shafa fuskarki tun hannuna yana ɗaguwa."

Wanda zai kai ni kuwa ɗana ne na fari, shi ne namijin da ke kusa da ni. Nan matsalar take. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi ido cikin ido, balle ta buɗe baki ta roƙe shi abu. Haka uwata ta yi da yayata, haka na yi da shi. In kina da buƙata sai ki jefa magana a tsakar ɗaki, mai hankali ya tsince ta. Shi kuwa a Makka aka haife shi, makarantar Larabawa ya yi, Hausarsa ta gaisuwa ce da cin tuwo.

Sai na riƙa jefawa. In sun zo gaishe ni ranar Juma'a daga unguwar Ka'akiyya, shi da matarsa, sai in dubi bango in ce, "Rabona da jirgin ruwa tun ina yarinya. Ko zan sake hawa kafin in mutu, Allah masani." Duk tsohuwar da ke Misfala ko Nakkasa in ta ji wannan ta san inda aka dosa. Jirgin ruwa ɗaya muka sani, mai tashi daga Jidda ya sauke mutum a Sawakin. Na jefa, na jefa, har na fara gajiya.

Wata Juma'a surukata ta shigo da fara'a.

"Inna, albishirinki."

"Goro."

"Za ki hau jirgin ruwa. Ba ma ɗaya ba, biyu. A sauka daga wannan a shiga wancan."

Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Na dubi bango na ce Allah ya yi albarka, Allah ya ba da masu yi masa. A raina na ce ashe yaron nan yana ji.

Na shiga haɗa tsaraba. Jarkar zamzam, dabinon Madina, abaya baƙa mai kauri, carbi na 'ya'yanta da jikokinta, man shafawa na ciwon gwiwa, turaren wuta. Ranar tafiya ya ga kaya jibge ya ce, "Ummi, duk wannan na mene ne?"

Na ce da matarsa, "Gaya masa ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana."

Daga baya na ji abin da ya fahimta: wai sadaka zan raba wa ma'aikatan jirgi.

Da muka isa Jidda ba bakin ruwa aka nufa da mu ba, sai filin jirgin sama, wai Dubai za mu. Na ce da surukata, "Ga teku nan a bakin hancinmu, me ya kai mu Dubai?" Ta ce, "Inna, jiragen kirki a can suke tsayawa." Ban ja ba. Na sha jin masu zuwa Kano ma sai an sauke su a wata ƙasa kafin a ƙarasa da su. Zamani ne na zagaye. Na ce na farko zai rage mana hanya, na biyu ya ƙarasa da mu, ai shi ya sa suka zama biyu.

Jirgin nan ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora wa ruwa. Hawa kan hawa, lunguna duk kama ɗaya, ƙofofi duk kama ɗaya. Kafin ma mu tashi aka tara mu aka rataya wa kowa wata riga mai kumburi, ana nuna mana inda za mu tsaya in jirgi zai nutse. Na ce madalla, ba a fara tafiya ba an fara zancen nutsewa.

Abin da ya fi ci mini rai alƙibla ce. Ni da na tsufa a Misfala, ban taɓa tambayar kowa alƙibla ba, tagar ɗakina ita ce alƙibla. A nan kuwa da asuba tana wajen ƙofa, da azahar ta koma wajen banɗaki. Sai na jira surukata ta zo ta ɗaga waya tana juyi a tsakar ɗaki kamar mai neman ɓatacciyar allura, sannan in tayar da salla. Kullum kuma in na dawo ɗaki sai in tarar an naɗe tawul an yi giwa ko agwagwa an ɗora mini a gado, har da idanu. Sai na warware abar kafin in shimfiɗa darduma. Gobe a sake yin wata dabbar.

A can sama kuma sun haƙa kududdufi sun cika da ruwa. Ruwa a ƙasa iyakar ganinka, su kuma ga nasu a sama. Turawa tsofaffi, sa'o'ina da waɗanda suka girme ni, kwance a gefensa ba sutura, sun shanya jiki kamar kilishi. Sau ɗaya na hau, na sauko ina istigfari. Abinci kuwa ba ya yankewa, safe, rana, yamma, tebur ba ya hutawa. Ba tuwo ba miya, amma na zo da yajina a ƙulle, da shi na riƙa lallaɓa shinkafarsu.

Duk wannan na haɗiye. Mai zuwa ganin 'yar'uwa ba ya ƙorafin hanya. Mun tsaya a wani gari, mun tsaya a wani, har Maskat ta ƙasar Oman, inda aka fita da mu kasuwa na ƙara wa yayata luban a wurin wani dattijo mai rumfa a bakin ƙofar kasuwar. In na fito da safe sai in tsaya a bakin ƙarfe in duba gaba, ko zan hango ƙasar baƙaƙen mutane.

Wata safiya na duba sai ga dogon ginin nan na Dubai, mai tsini kamar tsinke. Na murza ido. Shi ne dai. Ga inda muka hau, ga ma motocin da suka kawo mu.

Na yi lissafina. Na ce jirgin ya sami matsala a hanya ya juyo, an rufe ba a faɗa ba don kada hankalin tsofaffi ya tashi. Shi ya sa za a canja mana wani. Har na tausaya wa yaron, na ce bari in kama bakina kada in ƙara masa damuwa.

Aka sauke mu da kayanmu. Aka bi layi, aka duba fasfo, aka sake bin wani layin. Mai gadin ƙofar jirgi na biyu ya riƙe jarkar zamzam yana juya ta, wai ba a shiga da ruwa. Na riƙe hannun jarka shi ma ya riƙe, ba ya jin nawa ba na jin nasa, sai da yaron ya zo ya yi ta Turanci kafin aka sake mini. Aka sake rataya mana rigar nutsewa. Na sha wahala na gane hanyar ɗakin cin abinci a wancan jirgin, a wannan kuma an juya komai, inda na san dama ya koma hagu. Wannan ya ma fi kiɗa. Tawul ɗinsu biri suke yi da shi, su rataye shi a jikin labule.

Muka tashi. Muka tsaya a wani gari, na ga kamar na san shi, na ce garuruwan Larabawan bakin teku duk kama suke. Sai aka sake fita da mu wata kasuwa. Ina shiga ƙofa wani dattijo ya miƙe daga rumfarsa yana washe baki.

"Marhaba, Hajiya. Har luban ɗin ya ƙare?"

Na dube shi, na dubi rumfar. Ita ce dai.

Muka koma jirgi muka yi la'asar. Yaron da matarsa suna zaune a wata inuwa a waje suna shan shayi, na ja kujera na zauna kusa da surukata.

"Tambayi mijinki, garin nan ba mun zo shi ba?"

"Mun zo, Inna. Maskat ce."

"To tambaye shi yaushe za mu kai Sawakin."

Ta ajiye kofi. Shi ma ya ajiye.

"Ummi, ina zaune a nan," in ji shi. "Wace Sawakin?"

"Gaya masa Sawakin nawa ce a duniya."

"Inna," in ji surukata a hankali, "wannan jirgin ba ya zuwa ko'ina. Yawo yake yi ya dawo inda ya tashi."

"Wancan fa?"

"Shi ma haka."

"Ba lalacewa ya yi ba?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Na dubi ruwa. Jirgi kamar gari, da injinsa da matuƙinsa da ma'aikata ba iyaka, a ce ba ya zuwa ko'ina. Kuma ba ɗaya ba. Ina ta jan jarkar zamzam daga wannan zuwa wancan, yayata tana can zaune a kan tabarma an gaya mata ina hanya, don da bakina na gaya mata kafin mu taso.

Wannan ne ya sa na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na juya kujerata na fuskance shi.

"Kai. Wurin yayata nake son zuwa. Idonta ya tafi, kwananta ya ja. Ka kai ni."

Ya yi fari fat, kamar bango ne ya yi masa magana.

"Ummi, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Shekara nawa ina faɗa?"

"Cewa kika yi kina marmarin jirgin ruwa."

"Wa ke marmarin jirgi? Jirgi ɗan'uwana ne? Nono ɗaya muka sha da shi?"

"Wallahi na ɗauka ruwan kike so. Na ga kin daɗe kina faɗa, na ce ɗaya ba zai ishe ki ba, shi ya sa na haɗa biyu."

Surukata ta sa gyale ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Yi dariyarki a fili, 'yar nan, ke ma ai da kunnuwanki a wurin." Ta ce, "Inna, ni ce ma na ce masa a ƙara na biyun."

Ya ce a sauka yanzu a nemi jirgin sama. Aka bincika, aka ce takardunmu ba su ba da haka ba, sai an koma inda aka taso. Haka na ƙarasa sauran kwanakin ina zagaya teku da sanina, wanda ya fi na rashin sani ciwo. Na buga wa yayata waya na ce hanya ta yi tsawo. Ta ce, "Ta ina kuka biyo?" Na ce kada ta tambaya.

Bayan mun dawo Makka bai huta ba sai da ya gama takardun Sudan. Ya ce jirgin sama ya fi sauri, na ce masa, kai tsaye kuma, na ruwa na Jidda nake so. Jirgi na uku tsoho ne, cike da 'yan Sudan masu komawa gida da firji da katifu da kwalaye ɗaure da igiya, yara suna kuka, ana shimfiɗa tabarma a ko'ina. Ba wanda ya naɗe mini tawul. Muka kwana a ruwa, gari ya waye sai ga Sawakin.

Na sami yayata da rai. Ta shafa fuskata, ta gangaro ta kama damtsena ta matsa, ta ce, "An ce kina ta wahala a teku. Wannan ƙibar fa, a ina kika samo ta?"

Yayata ta ƙara shekara guda da 'yan watanni, sannan Allah ya karɓi abarsa, 'ya'yanta suna kewaye da ita. Surukata har yau in an yi baƙi sai ta ba da labarin nan, tana ƙara masa gishiri, kuma ta ce ita dai ta ji daɗin tafiyar, a sake ma za ta je. Ni ina nan Misfala, gwiwa ta ƙara nauyi, ban sake komawa dubin bango in zan yi masa magana ba, ko da yake sunansa har yanzu bai fita daga bakina ba.

Shi kuma ya kamu da wata sabuwar cuta. Duk abin da na faɗa sai ya tsaya ya tone shi. Kwanan baya na ce shayin nan ya yi sanyi, sai ya matso ya durƙusa a gabana ya ce, "Ummi, shayin kike nufi, ko akwai wanda kike son a kai ki wurinsa?"

Na ce shayin nake nufi, ya tashi ya ɗumama mini.