Kaina a Buhun Dabino

Ni na hana matata ɗauko bargo. Na ce, "Haifaffen unguwar Jarwal ne ni, ɗan Makka, Makka ba ta san sanyi ba."

Zamanin hawan Arfa da raƙuma ke nan. Da asuba a Muzdalifa iska ta taso, kunnuwana suka ƙandare. Ga ni cikin harami, an hana namiji rufe kai. Sai na juye dabinon guzurinmu, na cusa kaina a buhun.

Matata ta ɗaga bakin buhun. "Baban Safiya, haifaffen Jarwal ne a ciki?"

"Rufa min asiri, Hajiya."

"Wallahi na rufa. Amma ragon fidiya ya hau kanka."

Safiya ta yi jikoki, ragon nan ban yanka ba. Malaman zauren nan, tsakani da Allah, buhu ma hula ne?