Jar Motar Kawu Hartmut

Shekara talatin da shida Hartmut Kienzle ya yi yana tuƙa bas tsakanin garin Göppingen da ƙauyukan kan tudu, bai taɓa buge ko kare ba. Mutum ne marar yawan magana, ga riƙon kuɗi, har abokan aiki na yi masa tsiya cewa takardar da matarsa Irmgard ke naɗe masa burodi sai ta yi mako tana zuwa tana komawa. Allah bai ba su haihuwa ba. Wanda suka riƙa kamar ɗa shi ne Jochen, ɗan ƙanwar Hartmut, da ubansa ya gudu ya bari yana shekara bakwai. A gidansu ya ci abincin rana har ya gama makaranta, kuma Hartmut ne ya koya masa tuƙi ranakun Lahadi a filin bayan masana'antar bulo.

Abu guda Hartmut ya taɓa so wa kansa: ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, wadda ake zuge rufinta. Kullum irinsu na wuce shi fuu a hanya, shi kuwa yana jan ƙaton akwatinsa yana tsayawa a kowace kwana. Tun yana ɗan arba'in ya fara tara kuɗinta. Irmgard ta haƙura da hutun bakin teku, ba ta taɓa yi masa gori ba. Makon da ya yi ritaya ya je ya biya yuro dubu sittin da takwas lakadan, ya shigo unguwa da jar mota, maƙwabta na leƙe ta taga.

Wata biyar ya more ta. Da kaka ta shigo sai ya lura farin layin titi yana lanƙwashewa, sandunan fitila kuma kamar sun karye a tsakiya. Likitar ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce tsakiyar ganinsa ne ke mutuwa, ido biyun duka. Allura za ta rage saurin abin, amma tuƙi ya ƙare.

Motar ta yi hunturu a garejin gida da kilomita dubu huɗu da 'yan kai. Kowace safiya sai ya shiga ya zauna, ya tayar da inji ya saurara, ya kashe. Da sanyi ya wuce, shi da kansa ya ce wa Irmgard a sayar. Ya sa maƙwabcinsu ya duba masa farashin irinta a waya, aka ce ba ta kasa dubu hamsin da takwas ba.

Kafin a sa talla Jochen ya ji labari. Lokacin ya kai arba'in da biyar, yana da filin sayar da motocin hannu a bakin gari. Ya zo ranar Asabar da rana, riƙe da furen da ya kawo wa Irmgard.

"Haba Kawu! Ina raye za ka kira baƙi su zo su yi maka wayo? Ba ka san mutanen yanzu ba."

Irmgard ta shiga ɗora kofi, su kuma suka nufi gareji. Jochen ya zagaya motar sau biyu hannu a aljihu. Ya fito da wata 'yar na'ura yana manna wa fenti, wai don ya gane ko an taɓa gyaran jikinta.

"Ni kake aunawa ko motar?" in ji Hartmut.

"Sabo ne kawai, Kawu. Nawa ka sa mata?"

"Hamsin da bakwai. Na rage ɗaya don kai ne."

Jochen ya yi dariya har da dafa bango. "Wa ya faɗa maka haka? Mai duba waya? Abin da ake rubutawa daban, abin da ake biya daban. Ja ce fa. Yanzu kowa baƙa yake nema ko ruwan toka. Sannan wata shida tana tsaye, mota kuwa zama ya fi cin ta a kan tafiya. Tayoyin nan ma sai na canza."

"Tayoyin da ba su yi kilomita dubu biyar ba?"

"Sun zauna a gefe guda. Arba'in da huɗu."

"Albarka."

"Kawu, ni ma haya nake biya, ga ma'aikata uku."

"Na ce albarka. Na riga ka sanin mota, ɗan nan. Ni na nuna maka inda birki yake."

Jochen ya tsuguna a gaban motar, ya yi ɗan tsaki. "Af. Wannan fa? Ka goga ta da wani abu a nan ƙasa. Ƙwarzane ne, ya kai tsawon hannuna."

Hartmut ya durƙusa da ƙyar. Ya kalli wurin, ba ya ganin komai sai jan hazo da baƙin tabo a tsakiya. Ya karkata kai yadda likita ta koya masa, ya shafa da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan. Sumul ya ji.

"Ban ji komai ba."

"Ba ya jin hannu, amma ido na gani. Wataƙila a kwanakin ƙarshe ne, lokacin da idon ya fara. Ba laifinka ba ne."

Nan Hartmut ya tuna makon ƙarshe da ya yi tuƙi yana ɓoye wa kowa abin da ke damunsa. Zai iya yiwuwa. Yana iya ƙwala wa Irmgard kira ta zo ta duba, amma kiran yana nufin ya ce yaron da ya ci tuwon gidansa maƙaryaci ne, a gabansa. Ya kama ƙofar motar ya miƙe.

Suka ja, suka ja. Jochen ya hau arba'in da bakwai, Hartmut ya sauko hamsin da biyu, muryarsa na raguwa. A arba'in da tara ya ce ya sallama. Suka sha kofi da kek ɗin tuffa, Jochen ya ci yanka biyu, ya nuna wa kawunsa inda zai sa hannu da ɗan yatsa.

Bayan mako uku Hartmut ya shiga bas zai je allura. Direban tsohon abokin aikinsa ne, Ottmar.

"Tsoho mai ran ƙarfe! Na ga jar motarka a filin ɗanka. Dubu sittin da biyu da ɗari tara! Ashe kai attajiri ne muna raina ka. Har an rubuta a gilashi, ta dattijo ce, ko ƙwarzane babu."

Hartmut bai je asibiti ba ranar. Ya sauka a bakin gari ya taka zuwa filin. Ya tarar da Jochen tsaye da wani mai saye, mutum mai ƙamshin turare. Ko gezau Jochen bai yi ba.

"Yawwa, ga ma mai ita! Kawuna ne, shekara talatin da shida yana tuƙi. Tambaye shi da kanka."

Mutumin ya miƙo hannu. "Baba, tsakani da Allah, tana da wata matsala?"

Hartmut ya karɓi hannun. Kalma ɗaya ta isa ta rushe cinikin, ya kuma san kalmar. Amma bai taɓa yi wa motar nan ƙarya ba.

"Ba ta da komai," ya ce. "Ka riƙa barin inji ya yi ɗumi kafin ka taka ta."

Da mutumin ya shiga ofis, Hartmut ya riƙo hannun rigar Jochen. "Ƙwarzanen fa?"

"Mun goge, Kawu. Aikin minti biyar ne."

"Minti biyar."

"Kasuwa ce. Da wani ka kai wa, da ko arba'in ba za ka gani ba."

Har yau Hartmut bai san ko an taɓa yin ƙwarzanen ba. Da ya faɗa wa Irmgard, ta ce ita ta wanke motar da hannunta ana jibi Jochen zai zo, ba ta ga komai ba, amma ba ta leƙa can ƙasa ba. Ƙanwarsa, uwar Jochen, ta bugo waya tana faɗa, wai yaro ya taimake shi ya raba shi da kaya, shi kuma ya bi gari yana ɓata masa suna, alhali Hartmut bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Tun daga nan ba ta ƙara kira ba.

Yanzu shekararsa sittin da takwas. Idon hagu ya tafi, na dama na nan da ɗan saura. Duk wata yana zuwa allura. Ran nan yana tsaye a tasha ana yayyafi, wata baƙar mota ta tsaya, aka sauke gilashi.

"Kawu, shigo in kai ka."

Hartmut ya gane muryar. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Yi tafiyarka," ya ce. "Na riga na sayi tikiti."