Rumfar da Isyaku Ya Kafa a Ƙofar Gida

"Kin ga an kafa rumfa a ƙofar gidan su Isyaku?"

"Suna ne mana. Ba matarsa ta haihu ba?"

"Wane irin suna, ko cibiya ba ta faɗi ba? Kuma ba kujera ko ɗaya. Tabarmi aka shimfiɗa, ga butoci a jere."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Dama an ce jini ya ƙi tsaya mata."

"Bari in ɗauko mayafina."

Ta kan katanga aka yi wannan hira, bayan la'asar, a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda ake magana a kansa bai ji ba. Yana can yana ɗaure gidan sauro a jikin ƙarfen rumfa.

Isyaku mutumin Bunkure ne. Da ƙuruciya ya shigo birni, ya yi dako a kasuwar Tarauni har wani Alhaji mai ba da hayar rumfuna da kujeru ya ɗauke shi aiki. Tun daga nan babu lungun da bai kafa rumfa ba, daga Daurawa har Ƙauyen Alu. Shi ne farkon zuwa wurin biki, shi ne ƙarshen tafiya, kuma ba ya cikin hoton kowa. Tafin hannunsa ya yi kanta, har 'yarsa Zahra'u takan ce ya sosa mata baya da shi.

A satin nan aka yi wa matarsa Maimuna aiki aka ciro ɗa namiji. Jaririn lafiya lau, uwar ce ta sha wuya. Ƙanwarta Husaina ke jinyarta a asibiti, yara biyu kuma suna hannun Isyaku: Zahra'u mai shekara shida da ƙaninta Sulaiman. Da farko ya ce musu Umma ta je unguwa. Sai da Zahra'u ta ga ana ɗaura kwanon tuwo da filas a keken ɗan sahu, sannan ya faɗa mata gaskiya.

Kuɗin cizo sun daɗe suna addabar ɗakinsu, shi kuwa ya rantse jaririn nan ba zai zo ya tarar da su ba. Ya kira mai feshi. Mai feshi ya gama, ya ja ƙofa, ya ce kada kowa ya kwana a ciki sai gobe. Tsakar gidan hayar ta cika da katifa da kwanuka. Maƙwabta za su karɓi yaran, amma Sulaiman ba ya kwana a ɗakin kowa sai ya tashi gida da kuka. Ga bazara, ba a tsoron ruwa. Sai Isyaku ya aro ƙaramar rumfa daga wurin aiki.

"Yau a waje za mu kwana," ya ce musu. "Mu uku, kamar matafiya."

Yaran ba su taɓa kwana a waje ba. Sulaiman ya yi ta zagaye ƙafar rumfa yana ihu. Zahra'u ta jera takalma, ta ja layi a ƙasa da tsinke, ta ce nan ne ƙofa, duk mai shiga sai ya yi sallama. Isyaku ya sayo awara, ya jera butoci don alwala, ya rataye fitilar caji.

Sallamar da aka fara yi ta Malam Mu'azu ce, dattijon lungun, da mutum biyu a bayansa. Suka tuɓe takalma, suka durƙusa a bakin tabarma, suka ɗaga hannu.

"Isyaku, ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari."

Isyaku ya saki igiyar da ke hannunsa. "Wa, Malam? An bugo muku waya ne?"

"Au, ba rasuwa aka yi ba?"

"Feshi na yi wa ɗaki! Kuɗin cizo!"

Ɗaya daga cikin mutanen ya fashe da dariya ya toshe baki da hula. Malam Mu'azu bai yi dariya ba.

"Haba Isyaku! Kai da sana'arka ce? Ka kafa rumfa, ka baza tabarmi, ka jera butoci, matarka tana kwance a asibiti, me kake so mutane su ɗauka? Ga mata can sun shiga gida da salati."

Aka shiga aka fito da matan, ana ta "Allah Ya ba ta lafiya", ana tsokanarsa da cewa gobe ya kawo kujeru a ci shinkafa. Amma magana ta riga ta bar lungun. Har aka kira magariba ana zuwa ɗaya-ɗaya, kowa sai an yi masa bayani.

Sai da ƙafa ta ɗauke sannan Isyaku ya lura da Zahra'u. Ta sa hijabinta da takalmanta, ta zauna a wajen layin da ta ja. Awararta tana nan a leda.

"Uwata, shigo mana. Ko sai na yi miki sallama?"

"Baba, irin wannan rumfar ka kafa ranar da kakan su Bilya na lungun nan ya mutu."

"Rumfa ai rumfa ce. Kuskure suka yi."

"Malam ya ce Allah Ya jiƙanta."

"Ya ce, amma ai kin ji ya janye."

"Kai ma ka ce unguwa ta je."

Isyaku ya rantse mata cewa Umma tana nan da rai. Ta dube shi kawai. Ya ce gobe da sassafe zai kai ta asibiti, ta ce ai ba a barin yara su shiga, shi ya faɗa mata da bakinsa. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ya kira wayar Husaina, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Yana jin ƙarar, sai shi ma ya tuna tun azahar bai ji daga gare su ba.

Ya yi sallar isha'i a kan tabarmar. Sulaiman ya yi barci a cikin gidan sauro da guntun awara a hannu. Zahra'u tana inda take, sauro na cizonta ba ta kora.

Can Husaina ta kira.

"Yaya, ina wurin karɓo magani ne. Lafiya?"

"Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. An ƙara mata jini, yanzu ta samu barci. Nas ta ce kada a tashe ta, ko magana ba ta iya yi sosai."

"Kin ji ko?" ya ce da Zahra'u. "Barci take yi."

"Anti Husaina ce," yarinyar ta ce. "Ba Umma ba ce."

Isyaku ya matsa ya durƙusa a gabanta, ya ƙara sautin wayar, ya riƙe ta a tsakaninsu.

"Husaina, don girman Allah ki roƙi nas ɗin nan. Ki kai wayar bakin Maimuna, ko sunan yarinyar nan kawai ta kira."