Ranar da Baba Ya Je Gaida Kifin Maliya

Baba ya zo Alƙahira neman maganin ido a shekarar da ake yawan ɗauke mana wuta, lokacin ina tsakiyar karatu. Idon hagu ya riga ya tafi tun a gida. Na dama ne ya rage, shi ma yana gani dishi-dishi, kuma likita bai ɓoye mana ba: za a yi aiki, ko a ceto abin da ya saura, ko a rasa shi gaba ɗaya. Ya sa mana rana, ya ce mu je mu huta kafin nan.

Hutu kuwa ba ya cikin abubuwan da Baba ya iya. Basarke ne, masunci ɗan masunta na Yawuri, tun bai yi wayo ba yake cikin kwalekwale, kuma a wurinsa duk wanda ya wuni bai jiƙa ƙafa ba zaman banza ya yi. Sai ga shi a saman bene a unguwar Hayyus Sabi, cikin ɗakin ɗalibai, babu ruwan da ya wuce na buta. Na kai shi bakin Nilu ko zai sake, ya leƙa ta kan gada, ya ce kogin ba laifi, amma an matse shi da gini kamar ɗan haya.

Wata rana da la'asar muna shan shayi a ƙahwa, wato shagon mai shayin da ke ƙasan gidanmu, aka dawo da wuta, talabijin ya kama. Wasu Turawa aka nuno a cikin kejin ƙarfe, an zura su cikin teku, wani ƙaton kifi mai farin ciki yana kewaya su, haƙora kamar zarto. Baba ya ja kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Ustazu," haka yake kirana in yana son ya tsokane ni, "wa aka kama a nan?"

Na ce ba a kama kowa ba, Baba, da kansu suka shiga. Kifin ne mugu, ƙirshi ake ce masa, kejin ne yake kare su har su gama kallonsa.

Dariya ya yi har shayi ya zube masa a riga. Ya ce, "Mu a garinmu kifi ake sa wa a gura. Waɗannan sun shige gurar da ƙafarsu, sun bar kifi a waje yana kallonsu. To wane ne masuncin a nan?"

Da ya gama share hawaye sai ya ce shi fa sai ya ga kifin nan kafin likita ya taɓa masa ido. Na yi masa bayani cewa wannan can ƙurewar Afirka ne, inda ruwa yake da sanyi, nan Masar babu keji, babu irin wannan kifin. Ya ce teku fa, akwai? Na ce akwai Maliya.

"Wadda ta ci Fir'auna?"

"Ita, Baba."

"To ai ta fi. Kifin da kakansa ya ci Fir'auna ba ƙaramin kifi ba ne."

Na fara kawo uzurin darasi, sai ya katse ni, ba tare da wasa ba wannan karon. Ya ce in dai fitilar idon nan mutuwa za ta yi, ba ya son abin da zai gani na ƙarshe ya zama fankar asibiti. Tun zuwansa bai taɓa ambaton abin da muke tsoro ba sai ranar. Na ce za mu je.

Sai dai Baba ba ya shiga ruwan mutane haka kawai. A al'adarsu, baƙon masunci ba ya jefa ko ƙugiya sai ya gaida Sarkin Ruwan wurin, ya miƙa goro, an ce masa bismilla. Na rantse masa Maliya ba ta da Sarkin Ruwa, ya ce babu ruwan da ba shi da mai shi, karatuna ne bai kai nan ba. Haka na wuni ina yawo a unguwar Darrasa, sai a wurin wata Bahaushiyar Sudan na samu goro, ya bushe ya yi tauri. Baba ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ya sa a aljihun gaba.

Muka hau bas zuwa Gardaƙa, wani gari a bakin Maliya, da sassafe. Hamada muka yi ta yankawa, yana tambayata ko na tabbata akwai ruwa a ƙarshen wannan hanyar, ko direba ya kama hanyar Agadas.

A bakin teku jirage ne jere babu masu hawa, don baƙi sun yi ƙaranci a shekarun. Baba ya ce in nuna masa Sarki. Na waiga na ga mai jirgin da muka ɗauka haya, wanda suke kira rayyis, wani mai tumbi da gajeren wando da rigar ƙwallo, sigari a baki. Na ce ga shi nan. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce to, kowace ƙasa da irin sarautarta. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya fara gaisuwa tun daga kakanni. Ni kuma ina fassarawa da Larabcin littafi, wanda in Bamisire ya ji sai ya zaci huɗuba za a yi.

Rayyis ya rikice, ya jefar da sigarin, ya durƙusa shi ma. Aka miƙa masa goro, ya gatsa da zuciya ɗaya, fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Tamam, ya hajj, tamam," idonsa na kawo ruwa.

Baba ya ce in tambayi Sarki ko babban kifin yana gida. Da rayyis ya ji kalmar ƙirshi sai ya hau kaɗa hannu yana neman tsari, ya ce kada ma a ambace shi a jirginsa, dolfin dai, wata dabbar ruwa mai kama da kifi wadda ba ta cutar da mutum, in sha Allahu za mu gani. Baba ya raɗa mini cewa Sarkin da yake tsoron kifinsa, gadon sarautar ya yi kawai.

Rigimar gaba ita ce rigar ceto. Baba ya ce a sa wa Basarke wannan abu zagi ne, in labari ya kai Yawuri ba shi da bakin magana. Rayyis ya ce khalas, jirgi ba zai motsa ba. Na ce, "Baba, ku da kanku kuka durƙusa masa. Umarnin Sarki ne." Ya harare ni da idon da ya rage, ya ɗora ta a kan babbar riga, ya koma kamar an ɗaure buhu.

Da muka yi nisa ya sa aka ɗebo masa ruwan a bokiti, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce an sha gaya masa akwai gishiri, amma bai zaci da gaske suke ba. Sai ya shiga ƙwanƙwasa jikin jirgin da zobensa, yana wani kira ƙasa-ƙasa da na sani tun ina yaro. Babu abin da ya amsa. Ya ce kifin nan ba su jin Hausa, in fassara. Na hango kunkurun ruwa na nuna masa, ya ce kififiya muna da ita a gida, ba ita ta kawo shi ba.

Rana ta take sosai sannan rayyis ya ɗaga murya, yalla, yalla, yana nuna dama. Ga dolfin nan, garke guda, bayansu na sheƙi, suna tashi suna nutsewa a gefen jirgi. Na janyo Baba zuwa bakin ƙarfe, ina ta nunawa kamar ni na halicce su.

"Ga su, Baba, ga su nan."

"Na gani, ma sha Allah," ya ce.

Na juyo don in ga farin cikinsa, sai na tarar idonsa yana can nesa, inda babu komai sai ƙyallin rana a kan ruwa. Ɗaya ya yi tsalle a gabansa har ruwa ya fantsal masa a gemu, bai bi shi da kallo ba. A nan na gane idon ya fi lalacewa a kan yadda yake gaya mana, kuma na ji baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba.

Rayyis ya kashe inji. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar numfashinsu in sun taso, fuu, fuu. Nan take kan Baba ya juya wajen.

"Ayu ne wannan?"

Na ce ɗan'uwansa ne, Baba. Ya sunkuya ya miƙa hannu ƙasa, amma jirgin ba kwalekwale ba ne, hannun bai kai ruwa ba. Ya daɗe a haka kafin ya janye.

Muka hau bas ɗin dawowa, har muka shige hamada. Sannan ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Ustazu, ban ga komai ba. Fari kawai na gani."

"Na sani, Baba."

"To gaya mini yadda suke, sannu a hankali. Mutanen gida za su tambaye ni."

Na gaya masa launinsu toka-toka ne, fata sumul, baki dogo kamar suna murmushi, tsawonsu ya ɗan wuce na mutum.

"Na mutum kawai? Na baro Yawuri don in ga na mutum? Ƙara masa."

Na ƙara masa kamu biyu.

"Ƙara."

Na ƙara. Ya ce in ba kifin haƙora, na ba shi. Kafin mu hango gine-ginen Alƙahira kifin ya wuce jirgin tsawo, rayyis kuma ya ɓuya a bayan Baba yana salati. Ya maimaita labarin daga farko don ya zauna masa, ya ce in riƙe shi yadda muka yi, don bakinmu ya zo ɗaya. Daga nan barci ya ɗauke shi a kafaɗata.

Aikin da aka yi masa a makon bai dawo da idon ba. Har yau in na je gida masunta sukan tambaye ni ko da gaske ne abin da Baba ya gani a Maliya, ni kuma in ce a gabana aka yi.